Kayan nutso: na hannu ko sabo dal?

Ɗan'uwa, ka ce ka kammala horon farko na nutso da tukunyar iska, ka gaji da hayar kaya, ga kuma wani yana son sayar maka da nasa gaba ɗaya da sauƙi. Tambayarka ita ce ka karɓa, ko ka daure ka tara kuɗin sababbi. Shawarata kada ka yi musu kuɗin goro. Kowane ɗaya da irin tsufansa: akwai wanda aibinsa a fili yake, akwai wanda sai gwani ya kwance shi, akwai kuma wanda ya gama mutuwa alhali yana ƙyalli. Abin da za ka tambayi kanka a kan kowanne shi ne: akwai hanyar da zan tabbatar da lafiyarsa kafin in ba shi amanar raina?

Mu fara da regileta, domin da ita kake numfashi. Kashi biyu ce. Na farko, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunya, yana karɓar iska mai matsin bar 200 ko fiye (bar ma'aunin matsi ne) ya sauko da ita zuwa wajen bar 9 ko 10 sama da matsin ruwan da kake ciki. Na biyu, wanda ke bakinka, shi ke ƙarasa daidaita ta da huhunka. Jikinta na farin ƙarfe ko tagulla yana shekaru da yawa lafiya lau. Abin da ke cinyewa shi ne zobban roba da mazaunin bawul da matata, kuma su ake canzawa a sabis, wanda kamfanoni da yawa ke cewa a yi duk shekara ɗaya ko biyu, ko bayan nutso 100. Don haka regileta ta hannu ba abin tsoro ba ce, matuƙar an cika sharaɗi biyu. Na ɗaya, har yanzu ana samun kayan gyaranta, kuma akwai mai gyaran da ya san ƙirarta inda za ka iya kai masa. Wadda aka daina yi wa kayan gyara, ko kyauta aka ba ka kada ka shiga ruwa da ita. Na biyu, ka haɗa kuɗin sabis da na sababbin tiyo a kan farashinta tun kafin ka ce ta yi araha. Sau da yawa idan aka yi wannan lissafi, ratar da ke tsakaninta da sabuwa mai matsakaicin daraja takan tsuke sosai.

Kada mai kaya ya ce maka “shaƙa ka ji” ka gamsu. A tudu kusan kowace regileta tana ba da iska. A zurfin mita 30 matsin ya kai bar 4, iskar ta ninka kauri sau huɗu, a nan ne ake gane mai lafiya. Leƙa matatar da ke mashigar iska: idan ta yi kore, ruwan gishiri ya taɓa shiga; idan ta yi ja-ja, tsatsar tukunya ce ta biyo. Ja robar da ke rufe gindin tiyo ka duba ƙarƙashinta, nan tsagewa ke ɓuya. Sabuwa kuwa tana zuwa da garanti, wanda galibi na mai sayen farko ne kaɗai, ba ya bin kaya zuwa hannu na biyu. Kuma idan ruwan da za ka riƙa shiga ɗuminsa bai kai digiri 10 a ma'aunin Celsius ba, sai ka tabbata ƙirar ta ruwan sanyi ce, don wata takan daskare ta yi ta zubar da iska ba tsayawa.

Tukunya ita ce tarihinta ya fi sauƙin karantawa, domin a kafaɗarta aka buga shi: shekarar ƙira, matsin da take ɗauka, da ranakun gwaji. A gwajin, ana cika ta da ruwa a matsa ta fiye da ƙa'idar aikinta a auna yadda ta buɗe ta koma. A Amurka da Birtaniya duk shekara 5 ake wannan gwaji, a tsakani kuma ana leƙa cikinta da fitila. Tsohuwar tukunyar da ta ci gwaji aikinta ɗaya da sabuwa. Amma ka kiyayi guda biyu. Tukunyar da aka ajiye wayam babu iska ko kaɗan, mai yiwuwa danshi ya shiga, ta ƙarfe kuwa ta ciki take tsatsa. Sai wasu tukwanen alminiyam da aka ƙera kafin 1990 da haɗin da ake kira 6351, waɗanda aka sani da tsagewa a wuya. Wurare da dama ba sa yarda su cika su. Ni da a ce za ka bi tawa, tukunya ce ƙarshen abin da za ka saya, tunda yawancin cibiyoyin nutso da tukunyarsu suke fita da kai.

Falmaran ta iska, wadda ake kira BCD, wato rigar da ake hura wa iska ko a rage don daidaita tashi da nutsewa a ruwa, ta hannu tana yi. Hura ta tam ka bar ta ta kwana; idan ta saki, akwai huji ko bawul mai yoyo. Ka fi mai da hankali ga maɓallin hurawa, don idan gishiri ya maƙale shi a ƙarƙashin ruwa zai yi ta cika rigar ya harbo ka sama, abin da ke iya jawo ciwon kumfar naitirojin ko fashewar huhu. Ana iya canza shi da sauƙi, ka canza.

Inda na fi karkata ga sabo shi ne kwamfutar hannu da rigar roba. Kwamfuta ce ke lissafa naitirojin da jikinka ya sha, tana gaya maka minti nawa ya rage da saurin da za ka tashi. Duk lissafin nan ya dogara da ɗan abin auna zurfi da ke cikinta, shi kuma idan ya fara kuskure ba ya nunawa a fuska. In ta ce kana mita 18 alhali ka wuce, za ta ba ka lokacin da ba naka ba. Wasu tsofaffin ba su san iskar naitiroks (iskar da aka ƙara wa oksijin) ba, wasu kuma sai an aika wa kamfani kafin a canza batir. Idan dole sai ta hannu, buɗe tarihin nutson da ke cikinta, sannan ka shiga ruwa da ita tare da wata amintacciya ka kwatanta.

Rigar roba kuwa ɗuminta yana cikin ƙananan kumfan iskar da ke jikin robar. Kowane nutso yana matse su, a hankali su daina dawowa. Rigar da aka rubuta milimita 5 tana iya komawa siririya mai tauri, ba yagewa ko ɗaya, amma sanyi ya ratsa ka, tunda ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki fiye da sau 20. Ga shi kuma ta riga ta bi surar jikin wani. Araha ba ta ado a nan.

Filafilan ƙafa da dalmar nauyi, sayi na hannu hankali kwance. Duba madauri kawai. Gilashin fuska ba shi da tsada kamar sauran, kuma dacewa da fuskarka ce magana: ɗora shi ba tare da madauri ba, ja iska ta hanci, in ya manne to naka ne. Robar da ake cizawa a baki, sabuwa za ka sa.

Game da tayin da aka yi maka, ka nemi takardun sabis na ƙarshe, ka tambaya a ina aka ajiye kayan da tsawon lokacin da suka yi ba a shiga ruwa da su ba, domin roba tana bushewa ko ba a amfani da ita. Ku yi yarjejeniya cewa ciniki bai faɗa ba sai mai gyara ya duba regileta da tukunya. Idan ya ƙi, bar masa kayansa. Idan ya yarda kuma suka ci gwaji, nutsonka na farko da su ya kasance a wurin iyo ko ruwa mara zurfi, tare da abokin nutso a kusa da kai.