Hattara da masu sayar da jirgin jet suna cewa "geji ne kawai ya ɗan samu matsala"

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ake yi wa masu neman ƙaramin jirgin ruwa mai jet, irin su Yamaha da Sea-Doo, wanda ba shi da farfela a waje, famfo ne ke zuƙo ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya. Za ka ga talla a Facebook ko WhatsApp: jirgi daga Amurka, kuɗi da araha, sai a ce allurar geji tana rawa, totur kuma yana ɗan sarƙewa, wai waya ce ta kwance. Nan take a nemi kafin alƙalami, wai kada wani ya riga ka.

Maganar tana shiga ne domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Batir mai rauni, fis da ya ƙone, ko wayar nagetif da ta yi tsatsa duk suna rikita geji. Amma wannan ƙaramin gyara ne, mai kaya na gaskiya zai gyara ya sayar da daraja. Wanda ya bar shi haka, akwai abin da yake rufewa.

Mafi muni shi ne jirgin da ya taɓa nutsewa, musamman a ruwan gishiri. Gishiri yana bin cikin rigar waya yana ci a hankali, yau geji, gobe totur, jibi inji ya ƙi tashi. Ka zare soket biyu ko uku a bayan geji da jikin kwamfutar inji, ka haska da tocila. In ka ga koren gari ko fari a kan ƙarafunan, ko layin busasshiyar laka a bangon ɗakin inji, ka haƙura da cinikin. Haka in baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga inji.

Sarƙewar totur ma sau da yawa ba ta da alaƙa da waya. Idan inji ya yi zafi fiye da kima ko ƙarfin baƙin mai ya faɗi, kwamfuta da kanta take rage masa gudu don kada ya ƙone, ta kunna fitila da ƙararrawa. Mai damfara sai ya cire wayar ƙararrawar, ko ya sa wani geji mai nuna awoyi kaɗan. Saboda haka da ka kunna makulli, ka tabbata fitilun gargaɗi sun kama. Awoyin gaskiya da tarihin matsaloli suna cikin kwamfutar inji, makanike zai jona na'urar bincike ya karanto su da manhajar YDS in Yamaha ne, ko BUDS in Sea-Doo ne. Duk wanda ya hana a jona na'ura, ka kama gabanka.

Ka je da mitar auna wuta. Batir ya ba da wajen bolt 12.6 inji a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 yana aiki. Sensar totur kuwa, kana tura hannu a hankali lambar za ta riƙa hawa daga ƙasa da bolt 1 zuwa wajen 4 ba tsalle. In tana yankewa, sensar ta ci. A jirgi mai kebul, inji a kashe, ka tura totur har ƙarshe ka ga ya buɗe gaba ɗaya ya kuma dawo.

Kada bidiyon jirgi yana ruri a kan tirela ya ruɗe ka, domin a nan babu nauyi a kan famfo. Farfelar ciki ko zoben da ke kewaye da ita in sun ci, sai a kan ruwa za ka ji inji yana ihu jirgi yana jan jiki. A shiga ruwa, a yi aƙalla minti 15 har inji ya ɗauki zafi, a buɗe totur duka.

Sannan ka duba lambar jiki mai harufa da lambobi 12 a bayan jirgi ta hannun dama, ta yi daidai da takardu. Biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Kamfanin BRP, mai ƙera Sea-Doo, ya daina ƙera samfuran Speedster da Challenger a 2012, don haka wanda ya ce nasa ɗan 2016 ne, ƙarya yake yi. Kada ka tura ko sisi sai makanikenka, ba nasa ba, ya gama waɗannan gwaje-gwaje.