Tafiyar Elmina ta yini guda: mai bayanin ganuwa ya burge ni, kamfanin kuwa sai dai Allah ya isa

Masu tambayata ta waya ko tafiyar nan ta yini guda daga Akra zuwa Elmina a ƙasar Ghana ta ci kuɗinta, wadda ake ta yaɗa tallarta a WhatsApp, ga amsa a wuri ɗaya don in huta da maimaitawa. Kun san kamfanin, kun san abin da suke karɓa, ba sai na faɗa ba. Abin da ya ja ni shi ne layin da suka sa a talla cewa za a zagaya da mu ganuwar da Turawan Fotugal suka gina, a kuma hau da mu tudun da ke fuskantarta. Ni malamin tarihi ne a sakandare, na zo unguwar Nima a Akra wajen ƙanin mahaifina, na ce ba zan koma Kano ban ga wurin da nake koya wa yara daga littafi ba.

Bas ɗin ba laifi. An ce a hallara da asuba, ba a tashi ba sai da rana ta ɗaga, muka faɗa cunkoson Kasoa muka zauna. Wannan na yafe.

Da muka shiga ganuwar aka haɗa mu da mai bayani na wurin, wani magidanci mai furfura a gemu, ba ma'aikacin kamfanin ba ne. Na zaci irin haddar nan za a zuba mana, a nuna kurkuku, a nuna ƙofar da bayi ke fita ba su dawowa, a ce a ɗauki hoto. Ashe na tarar da wanda ya san aikinsa. Ya tsaida mu a tsakar gida, ya fara daga 1471, shekarar da João de Santarém da Pêro Escobar suka iso wannan gaɓa suka ga ana cinikin zinariya. Ya ce su ma yaran wani attajirin Lisbon ne, Fernão Gomes, wanda sarki ya ba hayar cinikin gaɓar bisa sharaɗin ya riƙa tura jirage gaba kowace shekara. Daga nan ya gangaro kan Diogo de Azambuja, wanda Sarki João na Biyu ya aiko, ya sauka a watan Janairun 1482 da mutum 600, a ciki 100 magina ne da kafintoci, sauran sojoji. Har duwatsun da aka sassaƙa da katako daga Fotugal suka taho da su a jirgi. Wato tun kafin su nemi izinin Kwamena Ansa, sarkin garin, sun riga sun gama shawara. Sarkin ya nuna bai so, aka yi ta lallashi da kyaututtuka, kuma da magina suka fara fasa wani dutse da mutanen gari ke girmamawa sai da faɗa ya tashi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar bayi. Na ɗaga hannu na ce, “Baba, to tun farko bayi suka zo saye?” Ya girgiza kai ya ce a zamanin Fotugal zinariya ce kan gaba, har ma su ne ke kawo bayi nan daga wajen masarautar Benin su sayar wa fataken ƙabilar Akan, a biya su da zinariya, fataken su kuma su ɗora musu kaya zuwa cikin ƙasa. Sauran hajar mundaye ne da tasoshin tagulla da tufafin Arewacin Afirka. Ya ƙara da cewa wannan zinariya a da arewa take bi, ta hannun Wangarawa zuwa Jenne da Tambutu, ganuwar ta zo ta karkato da wani kaso zuwa teku. Wata Hajiya da ke kusa da ni, wadda tun a mota take gyangyaɗi, sai da ta gyara mayafi ta matso gaba. A nan na ce a raina ko iya wannan aka tsaya, kuɗina sun fita.

To ga inda aka ɓata min. Mun hau sama ɗakunan gwamna, ya nuna mana barandar da ke kallon farfajiyar da ake tsare mata, ya kuma yi mana gaskiya cewa yawancin abin da muke gani a saman gyaran Turawan Holan ne, bayan sun ƙwace wurin a 1637. Ya ɗauko labarin Duarte Pacheco Pereira, wanda ya kare Kochin a Indiya a 1504 da 'yan tsirarun mutane a gaban rundunar sarkin Kalikut, aka saka masa da shugabancin wannan ganuwa a 1519, daga baya aka maida shi Lisbon a ɗaure bisa zargin cin amanar dukiyar sarki. Yana tsakiyar bayanin yadda aka kai ga haka, sai ga yaron kamfanin ya hayo da gudu yana tafa hannu kamar mai korar kaji daga shanya, wai lokaci ya ƙure, kowa ya sauko.

Na ce, “Haba ɗan'uwa, bari dattijo ya ƙarasa mana.” Ya ce, “Malam, abinci na jira, direba ba zai tsaya ba.” Dattijon bai ce uffan ba, ya rungume hannu ya ja gefe. Har yanzu in na tuna fuskarsa sai in ji kunya ta kama ni, alhali ba ni na yi ba. Cocin Fotugal da ke tsakar gida, wanda Holan suka maida wurin ciniki kuma yanzu aka jera kayan tarihi a ciki, wucewa kawai muka yi ta bakin ƙofarsa. Ɗakin da Ingilishi suka tsare Sarkin Asante Prempeh a 1896 kuwa, da yatsa aka nuna mana shi muna sauka.

Abincin da ake wa wannan gaggawa fa? Wani gidan cin abinci ne a bakin teku, can bayan gari, inda muka zauna jiran kifi da dokunu, wato irin tuwon masararsu, har la'asar ta kawo kai. Abincin ba ya cikin kuɗin tafiya, kowa ya zaro daga aljihunsa, kuma farashin ya nuna akwai la'adar wani a ciki. Ina kallon yaron da mai gidan suna ƙus-ƙus a bayan kanta. Babu wanda ya yi tunanin inda za mu yi azahar, mu da muka kusa cika motar. A gefen bas muka shimfiɗa ɗankwalin Hajiya da kwali muka yi bi da bi.

Tudun kuma ba a hau ba. Wannan ya fi ci min rai fiye da kuɗin kifin, domin daga kan tudun São Tiago ne Holan suka kafa igwa suka yi ta luguden wuta har mutanen Fotugal suka miƙa wuya bayan shekara 155 suna riƙe da wurin, kuma sansanin da Holan ɗin suka gina a kai yana nan tsaye. Daga cikin ganuwar ana hango shi, tafiyar ƙafa ce 'yar kaɗan. Da na tuna wa yaron abin da suka rubuta a talla, sai ya ce ai mun gan shi.

Da farko na yi niyyar ba su tauraro huɗu saboda dattijon nan. Da na zauna rubutu na tuna ba su suka ɗauke shi aiki ba, tikitin ƙofa ne ya haɗa mu, kuma su ne ma suka katse shi. Biyu na ba su, ɗaya na sanyin bas, ɗaya na direban da bai yi gudun ganganci ba. Na tura musu ƙorafi, an karanta, shiru har yau.

Wanda ke son zuwa ya hau motar haya zuwa Cape Coast, daga can tasi zuwa Elmina ba nisa. Ya sayi tikitinsa a ƙofa, ya tafi da ruwa da abin sallah, ya hau tudun kafin rana ta yi zafi. In an haɗa shi da mai bayani, ya tambaye shi ƙarshen labarin Pacheco Pereira, ya turo min.