Hitar lantarki ko ta dizal: wacce ta dace da tirela a sanyin Manitoba?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara jan tirela daga Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada, kana tambaya wacce ta fi tsakanin hitar da ake jona wa wuta da mai shan dizal, kuma wacce ta fi haɗari. Aikinsu ɗaya ne: su ɗumama ruwan lagireto, ruwan ya ɗumama injin, don kada gari ya waye mota ta ƙi tashi.

Ta lantarki ƙarfe ne da aka dasa a jikin injin, yana nutse cikin ruwan. A manyan motoci takan ja wat 1,000 zuwa 1,500 a wutar bolt 120. Ba hayaƙi, ba ruwanta da batirinka. Idan sanyi ya kai digiri 15 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius sai ka jona, awa uku zuwa huɗu sun wadatar. Haɗarinta kusan duk a waya yake. Wat 1,500 ya haura amfiya 12, siririyar wayar cikin ɗaki zafi za ta ɗauka har ta narke. Nemi mai kauri wadda aka yi don waje, ka duba bakin filogin, domin gishirin da ake watsawa a titi don narkar da ƙanƙara yana cinye shi, daga nan gobara ke tashi. Ka tabbata ruwa ya cika, ƙarfen in ya yi zafi a bushe ƙonewa yake. Kuma ka cire kafin ka tayar. Direbobi nawa suka fita da waya tana jan ƙasa a bayansu!

Ta dizal, irin su Webasto da Espar, ƙaramin murhu ce mai famfonta, tana zuƙar mai daga tankinka tana zagaya ruwan. Mai kilowat 5 tana shan kusan rabin lita a awa, alhali injin da aka bari yana aiki a tsaye yakan sha wajen lita uku. Amma wuta ce ke ci a ciki. Kada ka kunna ta a rufaffen gareji, a cikin hayaƙin da take fitarwa akwai iskar da ke kisa kuma ba ta da wari. Kashe ta a gidan mai, ka share ƙanƙara daga bakin salansarta. Tana kuma cin batir, mai rauni zai ba ka kunya. Ko da rani, ka riƙa kunna ta sau ɗaya a wata.

In motarka a yadin kamfani take kwana kusa da soket, ta lantarki ta ishe ka. Mai doguwar tafiya da dare zai riske shi a Saskatchewan, lardin da ke maƙwabtaka da Manitoba, inda ba lallai ya samu soket ba, ta dizal zai nema. Ni dai na fi son mota mai duka biyun. Sai dai dizal ɗin rani daskarewa yake a tanki da filta, hitar da kanta ta rasa abin sha, don haka na hunturu za ka zuba.