Shayin rage ƙiba da na saya, da abin da ya same ni wajen suna a Tibiri

Shayin nan mai koren kwali da ake ta talla a WhatsApp, kun san shi kun san masu saida shi kun san kuɗinshi, to ni na saya na sha kusan sati uku, ga abin da na gani da idona.

Shekarata 46, haihuwa bakwai, tun bayan auta jikina bai koma ba. Ran da na hau sikeli a farmasi na ga kilo 94 gabana ya faɗi, ga gwiwa na ciwo in zan tashi daga sujada, ga tansiyo da nake shan maganinta shekara huɗu. Shi ya sa da wata Hajiya ta ce mini "Yaya ganye ne zalla, ki sha kofi ɗaya da dare ki ci abin da ranki ke so", ban tsaya dogon tunani ba na tura kuɗin kwali biyu, ɗan kabu-kabu ya kawo mini har ƙofar gida.

Tsakani da Allah farko na ji daɗinshi. Kwana goma kilo 3 sunka tafi, tumbin ya lafa, zanen da nake ɗaurawa da ƙyar ya fara rufa mini, har na yi ma ƙanwata talla ita ma ta saya. Abin da kawai ke damuna murɗar ciki da asuba da yawan shiga bayi, da na faɗa ma Hajiyar sai ta ce ai kitsen ne ke narkewa yana fita, in ma ƙara in maida shi kofi biyu. Na yarda da ita.

Ran sunan ɗiyar ɗan yayata a Tibiri, cikin zafin Afrilu, wanda ya san Maradi ya san abin da nake nufi. Daren na sha kofi biyun. Tun a hanya cikina ke juyawa, munka isa ko gaisuwa ban gama ba na nemi buta, sau uku ina zagayawa a gidan mutane, mata cike da tsakar gida ana ta kallona. Na dawo na zauna ƙarƙashin rumfa bakina ya bushe ƙamas, ƙafata ta hagu ta ɗaure, zuciya na bugawa fat fat fat har cikin kunne. Da na miƙe in gaida wata gwaggonmu sai duhu ya rufe mini ido, ban ƙara sanin komi ba sai ji na yi ana mini fifita da mafici ana shafa mini ruwa a fuska, ɗiyata riƙe da hannuna tana kuka tana Inna, Inna ki yi magana. Wannan kukan nata har yau in na tuno shi raina ɓaci yake. Sunan mutane ya koma jinyata, mai jego da kanta ta fito daga ɗaki.

Anka maido ni Maradi likita, ƙarin ruwa leda biyu. Tansiyon da kullum ke 14 ko 15 ta sauka 9. Maigida ya koma gida ya ɗauko kwalin, lokotoro ya duba bayanshi ya ce "Hajiya kin san filasko?" Na ce wa bai san filasko ba, tun muna yara ake jiƙa shi ma mai cushewar ciki. Ya ce to shi ne a ciki, senna da anka rubuta nan. Ya yi mini bayani yadda na gane, wai aikinshi a babban hanji yake, kafin abinci ya kai can jiki ya riga ya tsotse mai da sukarin da ke ciki, abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki irin su fotasiyom da zuciya da jijiyoyi ke aiki da shi, kuma ƙwayar tansiyon da nake sha da ma mai sa fitsari ce, na haɗa ma jikina zubar ruwa biyu cikin zafi. Kilo ukun nan da nake murna, sati ɗaya da daina sha sunka dawo cif.

Ba zan ce ba ya komi ba, mai cushewar ciki in ya sha sau ɗaya zai ga aiki, ɗanɗanon ma ba laifi in an matsa lemun tsami. Amma da wannan kuɗin filaskon nawa zan saya a babbar kasuwa? Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, na kira Hajiyar ina kwance na faɗa mata, ko sannu ta kirki babu, wai jikina ne bai karɓa ba, akwai wani mai jan kwali da ya fi sauƙi in ina so ta kawo mini. Tun ranar farko ba ta taɓa tambayata ko ina da tansiyo ko ciwon sukari ko ina shan wani magani ba, kuma mu da munka haura arba'in mu ne masu sayen, mu ne masu waɗannan ciwutocin. Kwalin ko ranar lalacewa ban gani ba a jikinshi.

Yanzu abin da lokotoro ya sa ni nake yi, tafiyar ƙafa minti 30 bayan sallar asuba kwana biyar a sati, ya ce minti 150 ke nan da hukumar lafiya ta duniya ke cewa a yi. Na bar lemun kwalba, fura ba sukari, magi da gishiri na rage a miya, tuwon dare rabin malmala da kwaɗon zogale mai yawa. Wata biyu kilo 2 da rabi kaɗai, a hankali yake tafiya har wani lokaci in ji haushi, amma gwiwar ta yi sauƙi kuma ban ƙara ganin jiri ba.

Ƙanwata da kaina na je gidanta na karɓe nata. Kwali ɗaya nawa da ko buɗe shi ban yi ba na ce Hajiyar ta amsa ta maido mini ko rabin kuɗina, yau sati shida tana ganin saƙona ba ta amsawa.