Fargabar tiyatar rage ƙiba: waya ko likita?

Idan ranar tiyatar rage ƙiba ta matso, barci kan ƙaurace wa ido. Wasu sukan rungumi waya suna bincike a intanet, wasu kuma su tara tambayoyinsu su kai wa likita.

Waya tana da ranarta. Ko da tsakar dare za ka samu waɗanda aka yi wa aikin suna ba da labari, ka ji ba kai kaɗai ba ne. Sai dai wanda aikinsa ya tafi lafiya ba kasafai yake dogon bayani ba, mai matsala ne ke cika shafi. Haka za ka kwana gabanka na faɗuwa kan ciwon wani.

Zama da likita ya fi kwanta min a rai. Shi ya san hawan jininka da sukarinka. Zai gaya maka cewa a tiyatar rage tumbi, wato jakar da abinci ke sauka a ciki, ana cire kusan kashi 80 cikin 100 na jakar ta ƙananan huji, kana barci ba ka jin komai. Zai bayyana dalilin taƙaita abinci na kimanin mako 2 kafin aiki: hanta ake so ta ragu, ta ba likita wurin yin aiki. Mai allurar barci kuwa, ka tambaye shi yaushe za ka daina ci da sha, da maganin da za ka dakatar. Ka rubuta tambayoyin a takarda, domin a gaban likita kai kan ɗaure, ka kuma tafi da ɗan'uwa ya taya ka sauraro.