Kufon da rangwamen kanti, ko katin sari? Amsa ga sabuwar zuwa Amurka

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da zuwa, Allah ya sa kin shigo ƙasar nan a sa'a. Kin ce kuɗin cefane na neman fin ƙarfinku, ku biyar a gida har da na goye. Kin ga mata a Facebook suna ɗora hoton rasit, sun cika keken kanti da 'yan daloli saboda kufon, wato takardar ragin farashi, shi kuma maigidan ya ce a bar wannan wahala, a yanki katin Costco, kantin sari da ake biyan kuɗin shekara, a riƙa sayen sari. Kina son sanin wanne ya fi.

Ni a wurina, abin da za ki fara dubawa shi ne irin kayan da ke shiga gidanki. Kufon yana da kayan da yake cin kasuwarsu, sari ma yana da nasa, kuma yawancin abin da muke zubawa a tukunya ba ya cikin na kufon.

Bari in fara da kufon, don shi ne mai ruɗarwa. Iri biyu ne. Akwai na kamfanin da ya yi kayan, akwai na kantin da ke sayarwa. Na kamfani, kanti zai rage miki, daga baya kamfanin ya biya shi. Na kanti kuwa daga aljihunsa yake fita. Tunda aljihu biyu ne, kantuna da yawa, irin su Target da CVS, suna yarda ki ɗora na kamfani ɗaya da na kanti ɗaya a kan kaya guda. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne na kamfani biyu a kan abu ɗaya, ko da ɗaya na takarda ne ɗaya na cikin waya. Sai kuma abu na uku, wanda ya fi su duka muhimmanci: rangwamen mako. Kusan kowane babban kanti yana fitar da takardar farashi duk mako, da yawa ranar Laraba, Target da CVS da Walgreens kuma ranar Lahadi. Duk dabarar ita ce ki riƙe kufon ɗinki, kada ki kashe shi sai ranar da kayan ya faɗo cikin wannan rangwame.

Ga lissafi, farashin na misali ne don ki ga yadda abin ke tafiya. A ce jarkar omo mai wanki 64 dala 13 ce. Wanki ɗaya ya kama senti 20 ke nan. Kin sami kufon kamfani na dala 3, kin ruga kin saya a farashin yau da kullum, kin biya dala 10, wanki ɗaya ya koma wajen senti 16. Kin ji daɗi. To amma a ce a kantin sari akwai ƙatuwar jarka mai wanki 150 a dala 18. Wannan senti 12 ne, babu yanke takarda, babu jira. Kin ga kufon shi kaɗai bai kamo sari ba. Yanzu a ce kin yi haƙuri mako biyu ko uku, kanti ya sauke jarkar nan zuwa dala 10, kin ɗora kufon kamfani na dala 3, ga na kanti na dala 1 a manhajarsu. Dala 6 za ki biya, wanki ɗaya bai kai senti 10 ba. A nan ne kawai kufon ke kayar da sari, kuma sai an haɗa shi da rangwame.

Wannan lissafi na guda ɗaya shi ne makaminki. A jikin kantar da aka jera kaya, ƙarƙashin kowane kaya, kusa da babban farashi, yawanci akwai ƙaramin rubutu mai nuna kuɗin oza ɗaya, ko laba ɗaya, ko guda ɗaya. Shi za ki koya wa idonki dubawa. Famfas kuwa ki raba kuɗin kwali da yawan da ke ciki, domin kwali biyu suna iya zama girma ɗaya a ido, amma na lamba 4 ya fi na lamba 5 yawa.

Kayan da wannan haɗi ke yi wa kyau sanannu ne: omo, sabulun wanka, man goge baki, man wanke gashi, famfas da tsumman goge jariri, audugar mata, hatsin karin kumallo na yara, taliya, gwangwanaye. Duk ba sa lalacewa da wuri, kuma rangwamensu yana zagayowa, galibi bayan wata ɗaya da rabi zuwa uku. Don haka idan ya faɗo, ki sayi abin da zai kai ki zagaye na gaba, kada ki wuce haka. Mai goyo irinki, famfas kaɗai ya isa ya sa ki buɗe manhajar Target ko ta CVS. Su CVS har wata takarda suke bugo miki a ƙasan rasit, ExtraBucks, wadda za ki kashe kamar kuɗi a zuwa na gaba, sai dai tana da ranar mutuwa, ki lura.

Zamanin zama da almakashi a kan jaridar Lahadi ya ja baya sosai. Yanzu yawancin kufon a waya yake. Ki sauke manhajar kantin da ke kusa da ke, ki yi rajista kyauta, ki danna waɗanda kike so kafin ki fita gida, a wurin biya ki buga lambar wayarki, ragin ya fito da kansa. Kroger haka take, da 'ya'yanta irin su Harris Teeter da Ralphs da Fred Meyer. Safeway da Giant ma haka. Idan a Texas kike, H-E-B tana rataye kufon mai launin rawaya a jikin kanta, ki cira ki miƙa. A Florida da Georgia, Publix ta yi suna wajen sayi ɗaya a ba ki ɗaya. Mutanen New York da New Jersey kuma sun san garabasar gwangwanaye ta ShopRite a watan Janairu, lokacin tara tumatirin gwangwani ke nan. Bayan kin dawo gida, akwai manhajojin Ibotta da Fetch, inda za ki ɗauki hoton rasit su ba ki wani abu. Ibotta sai ya taru ya kai dala 20 kafin ki cira.

To yanzu ki buɗe tukunyarki. Shinkafa, albasa, attaruhu, tattasai, man gyaɗa, manja, nama, kaza, wake, garin tuwo, kuka, daddawa. Wanne kika taɓa ganin kufon a kansa? Kamfanonin da ke buga kufon masu kayan kwali da leda ne, talla suke yi, so suke ki saba da sunansu. Wannan shi ne abin da hotunan Facebook ba sa nuna miki. Ki ƙara kallon keken nan da kyau, za ki ga lemon kwalba ne da biskit da alawa da abincin firiza, wanda yawanci ba abincinmu ba ne, wani ma sai kin tsaya karanta bayansa don gudun gelatin da kitsen alade. Araha ba ta ado. Abin da ba ki yi niyyar saya ba, ko rabin kuɗi aka yafe miki, ragowar rabin asara ce.

A wannan ɓangare maigidanki yana da gaskiya. Buhun basmati mai laba 20, jarkar mai, buhun albasa, ƙwai, madara, fulawa, sukari, dabino idan azumi ya matso, sari ya fi sauƙi kusan kullum, ga hutun zirga-zirga. Sai dai a lissafa da kuɗin kati. Na Costco dala 65 ne a shekara tun Satumbar 2024, wato sai ragin da kuke samu ya haura dala 5 da ɗoriya a wata kafin a fara maganar riba. Gida mai mutum biyar zai fanshe wannan ba wuya. Costco ba ta karɓar kufon kamfani, nata rangwamen take yi. BJ's kuwa, wani kantin sari irin Costco, idan akwai a yankinku, tana karɓa, ita ce ta haɗa miki biyun a rufi ɗaya. Haɗarin sari shi ne yawa. Kin shiga sayen shinkafa da mai, kin fito da dala 300 ta tafi. Sannan ganye da 'ya'yan itace na sari, idan babu babbar firiza, rabinsu a shara yake ƙarewa, kuma wannan almubazzaranci ne da ba ma so wa kanmu.

Akwai hanya ta uku da ba ki ambata ba, kuma ita nake fara nuna wa duk sabuwar zuwa: Aldi. Babu kati, babu kuɗin shekara, ba sa karɓar kufon kamfani saboda yawancin kayan nasu ne na kansu, farashin a ƙasa yake kullum. Ki riƙe kwata, wato senti 25, don ciro keke, za ta dawo miki idan kin mayar, kuma ki zo da jakarki. Madara, ƙwai, burodi, dankali, kabeji, karas, can za ki fara gwadawa. Sau da yawa kayan Aldi ba tare da wani ragi ba ya fi mai babban suna da kufon sauƙi.

Nama kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Naman halal yana wurin mahautan Larabawa da 'yan Pakistan da Somaliyawa, kuma sauƙinsa a haɗin gwiwa yake. Gida uku ko huɗu su yi watanda, a sayi rago ko akuya sukutum, ko kwalin kaji, a raba. Manja da garin rogo da busasshen kifi sai shagon 'yan Afirka, wake da kayan yaji da gero kuma ki leƙa shagon Indiyawa irin Patel Brothers, gero suna ce masa bajra.

Abu ɗaya nake roƙonki da shi. Kada ki yi hoton kufon a na'ura, kada ki sayi wanda ake tallarsa a intanet da ragi mai yawan da hankali ba zai ɗauka ba, kuma idan an rubuta jarka mai oza 40 zuwa sama, kada ki miƙa ƙarama ki ce ko za ta wuce. Zamba ce a dokar ƙasar nan, mu kuma baƙi ne masu lallaɓa takardunsu, ballantana haƙƙi ne.

Da ni ce ke, ga yadda zan tsara. Maigida ya yanki katinsa, a je sari sau ɗaya a wata da rubutaccen jeri, shinkafa da mai da makamantansu. Cefanen mako a Aldi. Ke kuma ki zaɓi kanti ɗaya tak mafi kusa da gida, ki ba manhajarsa minti goma duk ranar da sabon farashi ya fito, ki duba kaya biyar kawai: famfas, tsumman goge jariri, omo, man goge baki, hatsin yara. Ki rubuta mafi ƙarancin farashin da kika taɓa gani na kowanne a wayarki, bayan wata biyu za ki gane rangwamen gaske da na ado. Idan kin je kin tarar kayan rangwame ya ƙare, ki tambaya a teburin kula da masu sayayya ko suna ba da rain check, takarda ce da za ta ba ki damar saya a wannan farashi idan sun sauke sabon kaya. Nuwamba kuma, gab da bikin Thanksgiving, fulawa da sukari da bota suna faɗuwa a kusan kowane kanti, ki tanadi na cincin da fanke tun lokacin.