Gargaɗi: mai bargon lantarki ya cinye mini naira 54,500

Naira 54,500, jama'a. Kuɗin riɗina ne, a kan bargo ɗaya.

Kafin wani ya ce sakacina ne, ni ba yaro ba ne. Shekara 14 ina cin kasuwar Maigatari duk Alhamis, ba a taɓa cusa mini riɗi mai yashi ban gane ba. Ba kwaɗayin araha ya kai ni ba, Inna ce. Tana fama da sanyin ƙashi, kuma duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukan Gumel cikin Janairu ya san yadda iskar hunturu ke kutsowa ta ƙasan kyaure da asuba. Da kaskon garwashi take kwana, ɗaki a rufe, alhali hayaƙin gawayi na iya kashe mutum cikin barci, ga tsoron gobara.

A Facebook na ga bidiyonsa. Bargo mai laushi, a danna maɓalli ya ɗau ɗumi, wai yana da batir, ƙaramar sola ma ta isa ta caja shi. Na kira mai bargon, na gaya masa garinmu sai a yi sati ba a ga wuta ba. Ya ce, "Alhaji, don irinku aka yi shi." Sai ya tambayi ƙafar Inna. Wallahi nan ya kama ni. Ya ce, "Allah ya ba Hajiya lafiya, tamkar mahaifiyata ce, bari in yi la'asar in kira ka." Kuma ya kira. Wannan kiran na bayan la'asar shi nake ta juyawa a raina. Wa zai zargi wanda ya ajiye ciniki ya tafi masallaci?

Na tura 38,000 a wajen mai POS. Sai 12,000 na batir. A'a, kafin nan akwai 4,500 kuɗin mota, wai direba zai ajiye a tashar Gumel. Batir ɗin sai bayan kayan ya iso, da na buɗe leda na ga gwanjo ne, har da warin ajiya, da waya da fulogi mai siraran haƙora, babu batir babu dalilinsa. Ya ce yaronsa ne ya manta, batir daban ake saya. Na tura. Eh, na tura, kada wanda ya tambaye ni dalili, na riga na gaya wa Inna yau za ta kwana da ɗumi.

Kwana huɗu shiru, na kai bargon shagon mai cajin waya muka jona a janareta. Ko minti biyu ba a yi ba ƙauri ya tashi, akwatin maɓallin ya narke. Mai gyaran rediyo ya duba takardar jikinsa ya nuna mini 120V. Ya ce na Amurka ne, wutarmu kuma 220 zuwa 240 ce, dole ya ƙone. Ya ce irinsa yana jan wajen wat 100, ba batirin cajin waya da zai riƙe shi har asuba. Ashe babu wani batir tun asali. Da a ce a jikin Inna aka jona fa?

Mai bargon ya toshe lambata. Na je Kantin Kwari da kaina, layin da ya kwatanta na bi sau uku, ba wanda ya san shi. Kuɗin motar Kano ma ban sa a lissafi ba.

Rasit uku na POS suna hannuna, da saƙonnin muryarsa, har wanda yake cewa "tamkar mahaifiyata". Gobe ƙanena zai taya ni ɗora hotunan.

Kada ku biya kafin ku riƙe kaya. Ku duba lambar wutar a jiki. In ba ku da wuta, ku sayi bargo mai kauri kawai.

Jiya Inna ta ce, "Ɗan nan, ina batirin?" Na ce yana hanya. 54,500, kuma kaskon nan yana ɗakinta.